Zuwa Zuru Neman Tallafin Karatu

Garin Zuru yana can kudu maso gabashin Jihar Kebbi, a lungun da jihar ta haɗa iyaka da Zamfara da Neja. Yawancinmu mutanen Kano idan aka ambaci sunan garin abu biyu ke zuwa mana a rai: sojoji, sai kuma labaran ɓarayin daji da muke ji a rediyo a 'yan shekarun nan. A 2020 aka sami na uku, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince a mayar da tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta garin ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya. Ita ce ta huɗu a irinta a ƙasar nan, bayan ta Makurɗi da ta Abekuta da aka kafa a 1988 da ta Umudike ta 1992, kuma ita ce ta farko a Arewa maso Yamma. Albarkacin wannan jami'a ne ƙafata ta taka Zuru.

'Yar yayata ce ta cike jami'ar a JAMB, tana son karanta kiwon dabbobi. Mahaifinta ya rasu tana tsakiyar sakandare, saboda haka da ta ji labarin wata gidauniya mai ɗaukar nauyin ɗaliban aikin gona, ba ta yi sanya ba ta nema. Rannan sai ga saƙo a waya: an zaɓe ta cikin waɗanda za su zauna jarrabawar gasa su kuma gana da alƙalai, a garin Zuru, ranar Asabar ta makon gobe, ƙarfe tara na safe, a zo da takardu na ainihi. Iyakar abin da saƙon ya ce ke nan. Maganar hanya da masauki da kuɗin mota an bar wa kowa ya san yadda zai yi.

Zaman shawara a ɗakin Hajiya

A gidan Bahaushe ba a yanke tafiyar 'ya mace a waya. Bayan sallar isha'i muka taru a ɗakin mahaifiyarmu, kuma tun kafin a gama karanta mata saƙon ta ce ba da yawunta ba.

"Ku da kuke jin rediyo kullum, can za ku kai mini yarinya? Karatun ne babu a Kano?"

Tsoron nata da dalili. A ranar 17 ga Nuwamban 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, a Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu da ke cikin masarautar Zuru, suka kashe mataimakin shugaban makarantar suka tafi da ɗalibai 25. An samu an dawo da yaran bayan kamar mako guda, amma labarin bai fita daga zukatan iyaye ba. Kafin wannan kuma akwai na Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, inda wasu daga cikin 'yan matan suka kusa shekara biyu a daji.

Yaya ce ta shawo kanta, kuma da sanyin murya. Ta ce, "Hajiya, in na hana ta wannan, me zan ba ta a madadinsa? Ni zan raka ta da ƙafata. In na ga wurin bai kwanta mini ba, ko an ba ta ba za ta karɓa ba." Digirin aikin gona shekara biyar ne, kuma uwa ba ta aika 'yarta zaman shekara biyar a garin da ba ta taɓa gani ba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan mutum uku: yarinyar, uwarta, da ni kawunta a matsayin muharrami. Ƙannenta aka bar su wurin Hajiya.

Sai maganar kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi wa lissafi da biro. Da muka haɗa na mutum uku zuwa da dawowa, da abinci, da ɗan abin da ake riƙewa saboda tsautsayi, sai muka ga ya haura albashin Yaya na wata guda, ita da take koyarwa a firamare. Ta roƙi uwar adashinsu aka ba ta kwasarta kafin lokaci, ƙanenmu da ke Kantin Kwari ya kawo nasa, ni ma na kawo nawa. Tun ba a ga takardar tambayoyi ba, gida ya riga ya zuba jari.

Takardu ma sun ci nasu lokacin: sakamakon JAMB, sakamakon WAEC, takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar haihuwa, lambar NIN, takardar shaidar rasuwar uba, da hotuna fasfo. Muka yi wa kowace kwafi-kwafi, na ainihin suka shiga leda suka kwana a jakar Yaya, kwafin kuma a tawa, sannan na ɗauki hoton kowace a waya. Dabarar ita ce kada ɓatan jaka ɗaya ya kashe tafiyar gaba ɗaya.

Hanya uku, kowace da nata

Daga Kano hanya uku ce take kai mutum Zuru. Ta farko ta bi Funtuwa da Gusau, ta karya ta Anka da Daki Takwas ta gangaro kudu. Ita ce gajera, kuma ita ce ta ratsa tsakiyar inda ake gudu. Ta biyu ta bi Kaduna da Birnin Gwari da Tegina zuwa Kwantagora, daga nan ta haura ta Rijau da Tungan Magajiya. Sunan Birnin Gwari kaɗai ya ishi Hajiya ta ce a'a. Ta uku doguwa ce: Gusau, Talatar Mafara, Sakkwato, sannan a gangara ta Tambuwal da Jega zuwa Koko, a karya gabas ta Mahuta da Dabai. Ita ma ba a ce babu fargaba a cikinta ba, musamman tsakanin Funtuwa da Tsafe, amma ta fi sauran yawan motoci da shingayen jami'an tsaro.

Taswirar waya tana nuna tsawon hanya da awannin da za a ci, amma ba ta san inda aka tare jiya ba. Wannan sani yana wurin direbobi da 'yan kamasho. Na je tasha tun kafin ranar tafiya na zauna da wani dattijon direban Sharon da ya daɗe yana jigilar Sakkwato. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, da mata za ka tafi? To ka bi ta Sakkwato. Ka shiga motar farko, kada ka shiga wadda za ta tashi bayan hantsi. In la'asar ta yi maka a gari, kwana nan. Hanyar lafiya a bi ta da shekara."

Shawararsa muka bi. Muka kuma ƙara da namu: kuɗi a rarrabe, wasu a hannu wasu a banki, saboda akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa mai POS ya zama hoto, waya a cike da caji, da alƙawarin kiran gida a duk babban garin da muka shiga. Muka tashi da ranar hutu guda a tsakani, don yarinyar da ta kwana biyu a mota ba za ta sauka ta shiga jarrabawa da kai ɗaya ba.

Daga Sakkwato zuwa duwatsu

Zangon farko babu abin ba da labari sai gajiya da salati. Daga Funtuwa hira ta mutu a motar, kowa ya kama carbi, ba a sake jin dariya ba sai da muka ga gidajen Gusau. Muka kwana a Sakkwato gidan wata 'yar uwar mijin Yaya.

Washegari da sassafe muka kama hanyar Jega. Aka wuce Boɗinga da Shagari, garin tsohon shugaban ƙasa, aka wuce Tambuwal, aka shiga ƙasar Kebbi. A Aliero warin albasa ne ya fara yi mana maraba, ga buhuna jibge a bakin titi ana loda wa manyan motoci masu zuwa kudu. Nan ma akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006. A Jega muka sauya mota, muka bi ta Maiyama zuwa Koko, inda hanyar Zuru ta rabu da babbar hanyar Yawuri. Wannan yanki na Koko zuwa Mahuta zuwa Dabai mutanen Zuru sun shekara da shekaru suna kuka da lalacewarsa, har gwamnatin jiha ta Nasir Idris ta ɗauki aikin sake gina shi ko da yake hanyar ta tarayya ce.

Daga Koko ƙasa ta fara sauya kama. Fararen filayen Sakkwato suka ba da wuri ga jar ƙasa, itatuwa suka yi kauri, kaɗanya da ɗorawa da mangwaro, ga tsaunuka suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin an gama girbi, ko'ina dammunan dawa ne da rumbuna cike. A shingaye kuwa ana ganin sojoji da 'yan sanda, wani wurin da 'yan sa-kai riƙe da bindigogin gargajiya. Da direba ya ji inda za mu da abin da ya kawo mu, sai ya waiwayo ya ce wa yarinyar, "Ɗiyata, ki kwantar da hankalinki. Cikin gari lahiya lau mukai. Matsalar tana ƙauyukka."

Gidan Baba Saja

Masauki shi ne abin da ya fi ba mu tunani tun a Kano. Akwai otal-otal a Zuru, amma kwanan mutum uku a ɗaki biyu zai cinye ragowar guzirin, kuma Yaya ba ta son kai budurwa otal a garin da ba ta da kowa. Nan tsohon zumunci ya yi rana. Mahaifinmu tela ne, ya yi shekaru yana ɗinki kusa da barikin Bukavu a Kano, kuma cikin abokan cinikinsa akwai wani saja mutumin Zuru da suka shaƙu har yana cin tuwo a zaurenmu. Hajiya ce ta tuna da shi. Aka bi ta hannun wani, wani ya bi ta hannun wani, har aka samo lambar ɗansa. Amsar da ta dawo gajera ce: Baba ya ce in kuka sauka wani wuri ba gidansa ba, bai yafe ba.

Mun same shi zaune a ƙofar gida a unguwar Rikoto, tsoho mai ƙarfi, bayansa a miƙe kamar yana jiran fareti. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ɗana, kamanninka ɗaya da ubanka. Allah ya jiƙan tela." Ya dubi yarinyar ya ce, "Wannan ce amaryar tawa? To kin zo gidan miji, sai ki ci jarrabawa kada ki ba ni kunya."

Baba Saja Kirista ne, kalandar cocin UMCA na rataye a falonsa. Kafin mu gama shan ruwa matarsa ta fito da sababbin butoci biyu da tabarma mai tsabta ta ajiye a ɗakin da aka gyara mana, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna da sandarsa ya ce, "Gabas nan take." Da magariba ta yi sai ga wani saurayi ya zo raka ni masallaci, ashe ɗan ƙanensa ne, Musulmi, gidansu na jikin nasu. A Zuru wannan ba abin mamaki ba ne. Zuriya ɗaya za ka tarar da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci da mai riƙe da al'adar kakanni, suna haɗuwa a biki da makoki. Matar Baba Saja ta sa aka kira ɗan ƙanen nan shi ya yanka kazar da aka yi mana miya da ita, ba tare da mun ce komai ba. Wannan ya kwantar wa Yaya da hankali fiye da duk bayanin da aka yi mata daga baya.

Garin da ya saba da tafiya

Ranar hutun nan muka yi amfani da ita muka ga gari. Zuru ɗaya ce daga masarautu huɗu na Jihar Kebbi, tare da Gwandu da Argungu da Yawuri. Ƙananan hukumomi huɗu ne a ƙarƙashinta: Zuru, Danko-Wasagu mai hedikwata a Ribah, Fakai mai hedikwata a Mahuta, da Sakaba mai hedikwata a Dirin Daji. Mafi yawan mutanen su ne waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuma suna kiran kansu Lelna, harshensu C'lela. Akwai kuma Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa, ga Hausawa da Fulani da suka daɗe a cikinsu. Hausa ce ke haɗa kowa a kasuwa, don haka baƙo daga Kano ba ya neman tafinta.

Tarihin wurin yana rubuce a kan duwatsunsa. A ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Kwantagora ke kai hare-haren kamun bayi, mutanen nan kan tsaunuka suka zauna suna noma a gangare suna kare kansu. Turawa sun haɗa su da Kwantagora a Lardin Neja, a 1976 aka mayar da su Jihar Sakkwato, sannan suka shiga Kebbi da aka ƙirƙiro ta a ranar 27 ga Agustan 1991. Tun zamanin Turawa samarin yankin ke shiga soja, har ya zama da wuya ka sami gidan da babu mai kaki ko mai fansho. Daga nan Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da ɗan uwansa Manjo Janar Musa Bamaiyi da ya riƙe hukumar NDLEA, da Manjo Janar Muhammadu Magoro da ya yi ministan harkokin cikin gida kuma ya yi sanata. Marigayi Sarkin Zuru kansa, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami Gomo II, soja ne, ya yi gwamnan Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985, ya rasu a Landan a watan Agustan 2025, aka naɗa Sanusi Mika'ilu Sami ya gaje shi.

Garin da 'ya'yansa suka yi zaman bariki a Legas da Inugu da Maiduguri, wasu har Laberiya da Saliyo, ya san darajar a karɓi mutum a inda ba shi da kowa. Ina ganin daga nan karamcin nasu ya samo tushe. Duk wanda muka tambaya hanya sai ya taka mana, kuma in ka ce daga Kano kake sai ya ambaci unguwar da ya taɓa zama.

Da dare Baba Saja ya ba mu labarin Uhola, bikin da Lelna ke yi bayan kaka, da kokawa da raye-raye da godiya a kan amfanin gona, da kuma golmo, al'adar da saurayi ke shiga ƙungiyar tsararrakinsa su yi wa iyayen budurwa noma shekara da shekaru, har bakwai bisa al'ada, kafin a ba shi mata. Ya ce shi ma ya yi kafin ya shiga soja, kuma horon bariki bai kai masa wahalar golmo ba. Sai ya juya ga yarinyar yana dariya: "Ke ma golmo kika zo yi. Mai abu ba ya bayarwa sai ya ga guminka. Bambancin kawai, mu surukanmu suna ba mu abinci a gona."

Ranar jarrabawa

A zauren taron wata makaranta aka yi gasar. Mun isa tun kafin takwas, muka tarar wasu sun riga mu. Aka shigar da ɗalibai, aka bar iyaye a gindin bishiyoyi, kuma a nan na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kusa da ni wani manomi ne daga wani ƙauyen Danko-Wasagu, ya goyo 'yarsa a babur tun asuba. Ya ce shekararsu ta uku ke nan ba su kwana a garinsu ba, suna zaune a gidan haya a Ribah, gonarsa kuwa sai dai ya je da rana ya dawo kafin la'asar, in an ce hanya da kyau. Yarinyar ta sauya makaranta sau da yawa amma ba ta daina karatu ba. Ya ce, "Malam, ni noman gado na iya, ga shi ya gagare ni. Ita ta koyo na zamani, wataƙila lokacin da za ta gama an samu lafiya."

Can gefe kuma wani yaro ne da ya zo shi kaɗai daga Jihar Neja, da jakar leda da silifas. Kuɗin da aka haɗa masa na zuwa ne kawai da ɗan canji, a masallacin tasha ya kwana, da ruwan leda ya wanke fuska. Da aka zo duba takardu aka ce kwafin ɗaya ya rage masa, ga shagon hoto mafi kusa babu wuta, sai an tayar da janareta, mai shagon kuma ya ce ba ya tayarwa saboda takarda ɗaya. Iyayen da ke wurin ne suka yi karo-karo, wani ɗan kabu-kabu ya kai shi ya dawo da shi kafin a rufe ƙofa, bai karɓi ko sisi ba.

Da aka fara kiran suna ta lasifika muna ji daga waje. A kira, a amsa. A kira, shiru, a maimaita, shiru, a wuce. Sunayen da ba a amsa ba suna da yawa, kuma yawancinsu daga garuruwa masu nisa ne. Ɗaya daga cikin masu kula da zauren ya ce mini haka abin yake duk lokacin da aka yi: wasu iyayensu sun hana saboda hanya, wasu babu kuɗin mota, wasu saƙon bai same su da wuri ba saboda ƙauyensu babu sabis. Duk waɗannan yara sun cancanta, da ba su cancanta ba da ba a kira su ba. An fitar da su daga gasa ba tare da an yi musu tambaya ko ɗaya ba.

Tamu ta fito bayan azahar, ta ce lissafi da kimiyyar halittu sun zo da sauƙi, a ganawar kuma an tambaye ta dalilin da ya sa 'yar birni ke son kiwo.

"Me kika ce musu?" in ji uwarta.

"Na ce musu awakin Hajiya ne suka biya mini kuɗin WAEC."

Da yamma ɗan Baba Saja ya zagaya da mu jami'ar. Ta gaji fili da gine-ginen tsohuwar kwaleji, ga kuma sababbi ana ta yi. Ni ina kallon azuzuwa da gonakin gwaji, Yaya kuwa tambayoyinta daban: ina 'yan mata ke kwana, ina suke samun ruwa, nawa ne kuɗin babur zuwa kasuwa, ina asibiti, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa. Ta tsayar da wasu ɗalibai mata biyu ta yi musu tambayoyi kamar mai binciken aure. Wanda zai raka ɗa irin wannan tafiya ya ware wa wannan zagaye lokaci, domin amsar da ɗalibi zai ba ka a tsaye ba ta cikin kowace takardar talla.

Abin da ya kamata a gyara

Ƙofofin tallafin karatu ba su da yawa, shi ya sa kowace aka buɗe ake rububi. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da daina tura ɗalibai waje a ƙarƙashin shirin BEA, wanda a da yake kai yara ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana taimakawa, amma bashi ne, kuma sai wanda ya riga ya sami gurbi yake nema. Saboda haka duk attajiri ko ƙungiya ko gidauniyar da ta fito da kuɗinta don karatun 'ya'yan talakawa ta cancanci godiya da addu'a.

Sai dai yadda ake shirya gasar yana iya rushe niyyar. In aka ce kowa ya zo da kansa, a kan kuɗinsa, cikin 'yan kwanaki, zuwa gari mai nisa ta hanya mai haɗari, to an riga an tace. Wanda zai iso shi ne mai kawu da zai bar aikinsa, mai uwar da ke cikin adashi, mai tsohon abokin uba a garin. Mu mun iso ne don muna da waɗannan, ba don 'yarmu ta fi waɗanda ba su amsa suna ba ƙwaƙwalwa. Yarinya mace kuma kuɗinta ninki biyu ne ko uku, tunda ba ta tafiya sai da rakiya.

Gyaran ba shi da wuya. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta, kuma babu jihar da ba ta da cibiyoyin yin hakan. Ana iya yin zagayen farko a can, kowa kusa da gida, sannan a gayyato 'yan kaɗan da suka yi fice zuwa ganawa. Waɗannan kaɗan ɗin a biya musu kuɗin mota, mace a haɗa da na mai raka ta, kamar yadda wasu jami'o'in Amurka ke ɗaukar nauyin tafiyar waɗanda suka kai zagayen ƙarshe na gasar tallafinsu. A ba da sanarwa da isasshen lokaci, a faɗi hanyar da ta fi aminci da lokacin da ya kamata a bi ta, a tanadi aji biyu da tabarmi da ruwa don masu kwana, a sa jarrabawa da hantsi yadda na kusa ba sai sun yi sammakon duhu ba. A gari irin Zuru, inda ake da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da na masallatai da na coci-coci, ko magana aka yi da su baƙo ba zai kwana a tasha ba.

Iyaye kuma nasu shi ne su fara shiri tun ranar da yaro ya cike fom, kada a jira saƙo: takardu a haɗe, ɗan kuɗi a gefe, a nemi wanda aka sani a garin, a tambayi direbobi kafin a zaɓi hanya. Mu ta Koko da Sakkwato muka sake bi muka koma, da rana, tare da yaron nan na Jihar Neja har mararraba, bayan Baba Saja ya ba shi kuɗin da zai kai shi gida.

Tsohon soja mai cin fansho bai kamata a ce shi ke toshe wannan giɓi ba. Duk mai niyyar ɗaukar nauyin karatun ɗan talaka na shekara biyar, ya sa kuɗin motar zuwa jarrabawa a layin farko na kasafinsa.